Laifina a Gidan Malam Sule Mai Rijiya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Abba.

Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Na cusa ta a ƙasan jakarka, tsakanin riguna, don na san sai ka isa za ka gan ta. Kai ɗan fari ne, ko sunanka ban taɓa kamawa ba, balle in zaunar da kai in yi maka doguwar magana ido da ido. A takarda dai zan iya. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Mahaifinka ya yi mini bayanin aikin da aka ɗauke ka a can wajen Shanono. Ya ce za ka kula da masu aikin sa-kai da ke zagaya gidaje, suna duba tsofaffi da iyalan da ƙarfinsu ya fara ƙarewa, tun kafin abu ya lalace. Da ya gama na yi shiru, sai ya ɗauka tsoron hanya nake, saboda abin da ake ji yana faruwa a ƙauyukan bakin iyaka. Ina jin wannan tsoron, ba na musu. Amma akwai wanda ya fi shi damuna. Na yi irin wannan aikin lokacin kana karatu a Bici, wannan ka sani. Yadda na yi shi ne ba ka sani ba. Kowa a garin nan yana tuna ranar da aka fita neman Malam Sule, amma kaɗan ne suka san da hannuna a ciki.

Hajiya Dije, ungozomar nan da ta yi ritaya daga ƙaramin asibitinmu, ita ta tara mu wata Asabar bayan an tashi daga Islamiyyar matan aure. Ta ce, "Kullum sai an yi rasuwa muke cika gida. Me zai hana mu riƙa zuwa tun mai gidan yana numfashi?" Mai unguwa ya yarda, liman ya sa albarka. Ta raba mana gidajen tsofaffi, kowace mace ta leƙa nata sau ɗaya a mako, ranar Asabar ta faɗi abin da ta gani. Ni aka ba ni gidan Malam Sule, can ƙarshen gari inda gonaki suka fara.

Ka san shi da tsufa kawai. A ƙuruciyarsa shi ne mahaƙin rijiyar yankin nan, har tamu ta tsakar gida shi ya haƙa ta. Shi da matarsa Iya Tabawa kaɗai suka rage a gidan. Ɗansu ɗaya da ya rayu, Lawan, yana aiki a Legas.

Kowace Laraba bayan la'asar nakan je. Iya Tabawa ta tare ni tun daga zaure, ta shimfiɗa mini tabarma a nan, ta kawo ruwa.

"Iya, ya jikin Malam?"

"Da sauƙi, yana ciki yana hutawa."

"Ba abin da kuke buƙata?"

"Alhamdu lillahi, 'yar nan. Ki gaida gida."

Sai in tashi ina jin na sauke nauyi. Wata biyar ina haka. A cikin watannin nan na ga ƙuna a bayan hannunta, ta ce tukunya ce. Na ga ta rame har zoben azurfarta ya koma babban yatsa. Na lura Malam Sule ya daina fitowa masallaci, na ce tsufa ne. Na ga an sa wa ƙofar ɗakinsa sakata ta waje, sabuwa fil, na ɗauke kai. Idona ya ga komai, Abba, bakina ne bai tambaya ba, don ina jin nauyin in tsallake tabarmar da aka shimfiɗa mini.

To kai namiji ne, kusan ko'ina zaure ne iyakarka. Matan da za su shiga ciki su ne idanunka. Ka koya musu kar su gaisa su fito. Su zauna su taya tsintar wake, su ɗauki tsintsiya, su roƙi a ba su wuri su yi salla. Tsoho ba zai ce maka yana jin yunwa ba, amma murhunsa zai nuna ko an hura wuta ranar. Kuma su riƙa sauya lokacin zuwa, don wanda ya san ranarka da sa'arka zai shirya maka fuska.

Ni ma ba dabara ce ta sa na gane ba. Wata Laraba ina da taron suna da yamma, sai na je da hantsi. Na yi sallama, shiru. Na sake yi, sai na ji muryar namiji daga ciki yana cewa a shigo. Na shiga.

Malam Sule yana zaune a ƙarƙashin rumfa. An ɗaura masa tsohon ɗankwali a idon sawu, ɗaya bakin an ƙulle shi a jikin ginshiƙin rumfar. An naɗa tsumma a ƙafar don kar ya ji ciwo. Ga kwanon fura a gefensa, an rufe da faifai. Ya dube ni bai san ni ba.

"Yarinya, kwance ni," in ji shi. "Ana jirana. Mun kusa cimma ruwa, saura tsawon gaba guda."

Ina tsaye sai ga Iya Tabawa da jarkar ruwa a ka. Ta sauke ta a hankali. Ta durƙusa ta kwance shi, ta murza masa ƙafar, ta ce, "Malam, sun ce sai gobe, yau ba aiki." Ya gyaɗa kai ya ja furarsa. Sannan ta ja ni bayan rumbu.

Ta ce shekara uku ke nan yana ruɗewa. Wani lokaci ya kira ta da sunan yayarsa da ta rasu tun tuni. Da ta juya baya sai ya fice, kuma ba inda yake nufa sai bakin rijiya. Ta gidansu tuni ta sa an toshe ta, amma sau biyu tana kamo shi yana leƙa ta makwabta. Ƙunar hannunta, shi ya zuba mata ruwan zafi bai sani ba. Ba ta ɗaure shi sai za ta ɗebo ruwa ko za ta kai niƙa.

Na ce, "Iya, me ya sa ba ki faɗa ba? Lawan ya sani?"

Ta ce, "Mutumin da ya shayar da garin nan? In bari yara su riƙa bin sa suna tafi? Lawan kuma yana da nasa iyalin." Ta kama hannuna da ƙarfi. "Hansatu, don girman Allah, ya tsaya tsakanina da ke."

Na ce to.

Ranar Asabar muna zaune mu fiye da goma a ajin Islamiyya, kowa tana faɗin nata: wance tana tari, wane rufin ɗakinsa yana yoyo. Da aka zo kaina, da na ce ina son ganin Hajiya Dije a keɓe, da shi ke nan. Ita kaɗai ya kamata ta ji, ita ta san abin yi. Amma na buɗe baki na zayyana komai a gaban kowa, har ɗankwalin, har ginshiƙin. Na daɗe ina gaya wa kaina wai tausayi ne ya sa. Ƙarya nake. So nake a ga ni ma na gano wani babban abu, bayan wata biyar ina zuwa da "suna lafiya". Na ga yadda mata suka zaro ido suna salati, kuma na ji daɗi. Allah Ya yafe mini.

Hajiya Dije ta daka mana tsawa ta ce maganar nan kar ta fita daga ɗakin. Kafin Litinin ta kai wurin injin niƙa. Kafin Juma'a ta zama wai Tabawa ta ɗaure mijinta kamar akuya, tana cinye abin da ɗansu yake aikowa. Har wani mai wa'azi ya yi magana a kan matan da ke wulaƙanta mazajensu in sun tsufa. Bai kama suna ba, amma ba wanda bai gane ba.

Abba, za ka ji sirrin gidaje da yawa. Kafin ka faɗa wa wani, ka tambayi kanka ko shi ne zai iya gyarawa. In ba shi ba ne, ka haɗiye. Kar ka bari a riƙa karanta matsalar gidan mutum a taro da sunansa. Kuma in an ce ka yi alkawarin yin shiru a kan abin da zai iya kashe rai, kar ka ce to don a sake maka hannu. Ka ce, "Zan gaya wa mutum ɗaya, ga sunansa, mu je tare." Da na faɗa wa Iya haka a bayan rumbu, da ta yi fushi na kwana biyu ta huce.

Larabar da ta biyo na je. Ba tabarma. Ta tsaya a ƙofar zaure ta tokare ta da jikinta.

"Tsaya nan, Hansatu."

"Iya, ki saurare ni..."

"Na kwance shi. Ba zan sake ɗaure shi ba, tunda ni azzaluma ce. Ki je ki gaya musu. Kuma kar ƙafarki ko ta wata a cikinku ta sake taka gidan nan."

Ta rufe ƙyauren.

Abin da na yi bayan wannan shi ya fi muni, shi ne kuma dalilin wannan takarda. Na ɓoye. Hajiya Dije ta riga ta tsara yadda za a riƙa karɓar Iya, a zauna da Malam ita kuma ta je ɗiban ruwa ko ta runtsa. Ta ce in nemi izinin Iya. Na kasa cewa an kore ni, kuma ni na jawo. Sai na ce, "Ta ce a ba ta lokaci." Asabar ta gaba na ce, "Suna nan da sauƙi." Alhali ko hanyar gidan na daina bi. Lambar Lawan tana cikin wayata, Hajiya Dije ce ta ba kowaccenmu lambar 'ya'yan gidajenta. Sau nawa na ɗauko wayar na ajiye. Mako biyar ina wannan ƙaryar, na san tsohon nan a sake yake, na san inda ƙafarsa take kai shi.

Mutanen da za ka shugabanta ba albashi suke karɓa ba, mutuncinsu kaɗai suke da shi a aikin, shi ya sa faɗin "na kasa" zai yi musu wuya. Ka sauƙaƙa musu. Kar ka tsaya a "ya gidajenki?" Ka tambaya, "Wace ƙofa aka rufe miki a makon nan?" Wadda ta faɗi gaskiya kar ka kunyata ta, ko da ita ta ɓata. Ka riƙa tura su bibbiyu. In ka ji rahoton gida ɗaya bai sauya ba mako da mako, ka tashi ka je da kanka.

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damina. An yi ruwa da asuba, dawa ta fi tsayin mutum, gonaki sun haɗe ba ka ganin taku biyar a gabanka. Ina tankaɗe da hantsi sai ga Iya Tabawa ta faɗo gidanmu ba sallama, ba mayafi, ƙafafunta duk taɓo. Gidan wadda ta kora daga ƙofarta.

"Ya fita! Na zaga bayan gida kawai, na dawo ba ya nan!"

Mahaifinka ya jefar da fartanya ya ruga wurin mai unguwa. Nan da nan aka sanar a lasifikar masallaci. Maza suka bar gonaki, aka rarrabu. Ba wanda ya faɗa da baki, amma kowa rijiya ya nufa. Ka san yadda garin nan yake, gida rijiya, gona rijiya. Kana jin mutane suna leƙawa suna kiran sunansa, muryarsu tana dawo musu. Duk wadda aka leƙa aka ce ba ya ciki, sai in ji numfashina ya dawo, kafin a kai ta gaba ya sake ɗaukewa. Ina tafe ina cewa a zuci, ni ce, ni ce.

Har azahar ta kusa ba labari. Iya Tabawa ta tsaya cak a kan hanya ta ce, "Ta kufai. Ita ya fara haƙawa da hannunsa, shekarar da aka kawo ni." Tsohuwar rijiya ce a gindin kuka, inda gari yake a da, an daina shan ta tun kafin a haife ka. Muka kutsa cikin dawa mu huɗu: ita, ni, mahaifinka da Hajiya Dije. Ganye yana yankar mana fuska, taɓo yana cire mana takalma. Tsohuwar nan ita ce a gaba.

Muka same shi. Yana zaune a bakin rijiyar, ƙafafunsa duka biyu a ciki, rigarsa sharkaf. Ruwan sama ya cinye gefen, ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashinsa, muna jin faɗawarta a ruwa can ƙasa. Yana ta laluben gefensa yana faɗa: "Ina igiyar? Ku miƙo igiyar mana, rana tana yi!"

Mahaifinka ya yunƙura, Hajiya Dije ta riƙe shi. Ta ce a hankali, "In ya firgita zai zame."

Iya Tabawa ta gyara ɗaurin zaninta. Ta taka a hankali kamar wadda ta kawo abinci gona, ta sassauta murya.

"Sannu da aiki, Malam."

Bai juyo ba. "Yawwa. Kin ga yaran nan da igiya?"

"Suna tafe. Na kawo fura, ka taso ka sha kafin su iso."

"Saura kaɗan."

"Na sani. Amma za ta yi tsami. Taso."

Sannan ya fara janyo ƙafa ɗaya. Ta matsa ta kama wuyan rigarsa ta baya da hannu biyu. Yana ɗaga ta biyun sai gefen ya burma. Na ji ihun kaina. Ta ja shi da duk ƙarfinta, mahaifinka ya yi tsalle ya cafki damtsensa, suka zube baya gaba ɗaya. Malam Sule ko ƙwarzane bai yi ba. Iya Tabawa ta faɗa a kan saiwar kuka, shi kuma ya faɗo a kanta. Na ji ƙarar ƙashin.

Ƙugunta ne ya karye. A amalanke aka fito da ita zuwa titi, daga nan mota ta kai ta Kano. Har yau ba ta tafiya sai da sanda da bango.

A ranar na gaya wa Hajiya Dije komai, a tsaye a bakin titi. Ta ce, "Laifina ne ni ma da ban je na gani ba. Amma ke za ki kira Lawan, yanzu, a gabana." Na kira. Da ya iso bayan kwana biyu, bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Inna Hansatu, ashe kina da lambata." Da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ba a kore ni daga ƙungiyar ba, ko da yake na roƙa. Abin da aka kasa yi a asirce sai aka yi shi a sarari. Dattawan masallaci suka raba safiya a tsakaninsu, kullum mutum ɗaya yana zaune da Malam Sule a zaure. Wani ya gano in aka ba shi rama yana tufka igiya, sai ya natsu har azahar. Matasa suka bi rijiyoyin da ba murfi suka rufe. Mata suka karɓi girki da wanki. Duk abin nan bai gagari garin ba, Abba. An iya yin sa tun Iya tana da ƙafafunta. Malam Sule ya rayu har bayan kakar shekara ta gaba, ya rasu a kan shimfiɗarsa.

Iya Tabawa ta yi wata bakwai ba ta amsa gaisuwata. Ina zuwa in share tsakar gida, in cika randa, in fita. Wata rana ina wanke mata ƙafa na fara cewa, "Iya, wallahi don in taimaka ne..." Ta janye ƙafar. Ta ce, "Na yafe miki tuni. Amma kar ki sake cewa don taimako kika yi." Ban sake ba.

Saura magana ɗaya, ita ma ba a gaya maka ba. Na ga kana ta jan ƙafa a kan tafiyar nan, kana cewa wa zai kula da mu. Wataƙila ka lura da wani abu. To gaskiya ne. Tun bara nake mantuwa irin wadda ba ta yi kama da ta kowa ba. Na zuba gishiri a koko. Ran nan na dawo daga gidan ƙanwarka na tsaya a mararraba, hanyar da na bi shekara talatin, na rasa wacce ce tamu sai da wata mata ta kira sunana. Mai yiwuwa gajiya ce, mai yiwuwa ba ita ba ce. Likita zai duba ni in an gama girbi.

Ban jira ba. Na gaya wa mahaifinka, na gaya wa ƙanwarka, sannan na je wurin Hajiya Dije da ƙafata na ce ta sa gidanmu cikin gidajen da ake dubawa. Ta ba mu mata biyu. Na ce musu su shigo har ɗaki, su buɗe tukunya, su tambayi mahaifinka shi ma yadda yake, kuma duk abin da suka gani su kira ka ko da na hana. Na faɗa musu haka tun ina cikin hankalina, a gaban shaidu. Saboda haka ka zauna a wurin aikinka da zuciya ɗaya. Akwai tsofaffi a can da ba su da kowa.

Ka kiyaye salla a kan lokaci. Kar ka yi tafiyar yamma a hanyoyin can, kuma ka ji maganar mutanen gari in sun ce kar a bi wani wuri. Mahaifinka da ƙannenka suna gaishe ka.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya rufa maka asiri kamar yadda za ka rufa na mutane, Ya ba ka ƙarfin faɗin gaskiya ranar da ka yi kuskure. Allah Ya dawo mini da kai lafiya, Ya sa in gane ka in ka shigo.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Hansatu